'Yan Mowa da 'Yan Bora a Gidan Otizim

Ranar 16 ga Afrilu, 2025, sakataren lafiya na Amurka, Robert F. Kennedy Jr., ya tara 'yan jarida a Washinton don tsokaci kan sabon rahoton hukumar CDC mai sa ido kan cututtuka. Rahoton ya ce a wuraren da aka ƙirga, yaro 1 cikin kowane 31 'yan shekara 8 yana da otizim, wato wani bambanci a ginuwar ƙwaƙwalwa, alhali a shekarar 2000 yaro 1 ne cikin 150. Kennedy ya ce waɗannan yara ba za su taɓa biyan haraji ba, ba za su riƙe aiki ba, ba za su rubuta waƙa ba, ba za su je zance ba, da yawansu ma ba za su iya kewayawa bayan gida ba sai an taimaka musu.

Kafin gari ya waye an yi masa ca. Manya masu otizim suka cika intanet: ga ni nan, ina aiki, ina biyan haraji, ina da aure har da 'ya'ya. Sai kuma ga wasu iyaye suna cewa ai ɗanmu yake siffantawa, ya zama saurayi amma har yau mu ke yi masa tsarki, gara da aka samu wani babba ya tuna da irinsa. Daga baya Kennedy ya ce yana nufin kashi ɗaya cikin huɗu da abin ya fi tsananta a kansu. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar rukunin farko. Wanda ya kare kansa da takardar haraji ya riga ya yarda da mudun da aka auna shi. Ya tsira da kansa, ya bar ɗan'uwansa da ba zai taɓa biyan harajin ba a rana. Wasu masu otizim ɗin sun lura da haka, sun kuma faɗa. Wannan rigimar cikin gida ta daɗe kafin Kennedy ya hau kujerarsa, kuma tushenta suna ne: wane suna likita ya rubuta maka, kuma a kan wane mataki sunan ya ɗora ka.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun ƙuruciya. Yana bayyana a hulɗa da mutane da yadda ake isar da magana, a son maimaita abu ɗaya da ƙin a sauya tsari, da kuma yadda jiki ke karɓar ƙara, haske, wari da taɓi. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da shi. Likita hali yake kallo, ya saurari tarihin da iyaye suka bayar, ya gwada da abin da ke rubuce a kundin da likitoci ke bi wajen sa wa lalura suna. Shi ya sa duk lokacin da aka sake rubuta kundin sai katangar gidan ta matsa, wasu su shigo, wasu a sauya musu ɗaki. Kafafen Hausa kan kira abin galahanga, kuma zan dawo kan dalilin da ya sa na kauce wa kalmar.

Da ƙofa biyu aka gina gidan. A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga sun keɓe kansu daga mutane, wasu ba sa magana, wasu suna maimaita abin da suka ji kamar aku. Shekara ɗaya bayan haka Hans Asperger, likitan yara a birnin Biyana na Ostiriya, ya siffanta yara maza 4 masu magana kamar manya, masu nacewa kan fanni ɗaya, amma sun kasa zama da tsaransu. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga su duka tun 1925, sai dai tarihi bai cika tunawa da ita ba. Kanner da Turanci ya yi rubutu, Asperger kuwa da Jamusanci a tsakiyar yaƙin da Jamus ta sha kaye. Don haka hoton Kanner ne ya mamaye duniya shekaru da dama: otizim abu ne mai wuyar samu, mai tsanani. Ƙidayar da Victor Lotter ya yi a Ingila a 1966 ta samu yara tsakanin 4 da 5 ne kawai cikin 10,000.

Wadda ta buɗe ƙofa ta biyu ita ce Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa a Landan, wadda ita kanta uwa ce ga yarinya mai otizim mai nauyi. A binciken da ta yi da Judith Gould a unguwar Camberwell, wanda ya fito a 1979, sun samu irin yaran Kanner kusan 5 cikin 10,000, amma sun ci karo da ninkin-ba-ninkin wannan adadi na yaran da suke da matsalolin iri ɗaya ba tare da sun cika siffar Kanner ba. Waɗannan yara ba su da suna, don haka ba su da taimako. A 1981 Wing ta tono rubutun Asperger ta ari sunansa, domin ta san iyayen yaro mai surutu ba za su yarda a ce musu ɗansu yana da otizim ba, amma za su iya haɗiye wani suna dabam. Ita ce kuma ta yaɗa siffanta otizim da bakan gizo: launuka daban-daban masu narkewa cikin juna. A bakan gizo ja bai fi kore daraja ba. Da kalmar ta shiga bakin jama'a sai suka miƙe bakan suka jingina shi da bango ya koma tsani, mai sama da ƙasa.

A 1994 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, a bugunsa na huɗu, ya ba lalurar Asperger ɗaki nata. Babban abin da ya raba ta da otizim shi ne jinkirin magana: in yaro ya fara furta kalmomi kafin ya wuce shekara 2, ya haɗa jimla kafin ya wuce 3, kuma kaifin hankalinsa bai yi baya ba, to Asperger ne. Ka duba abin da wannan ke nufi. Mutum biyu 'yan shekara 30, halinsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, amma sunansu ya bambanta saboda abin da uwar kowannensu ta tuna game da ranar da ya fara cewa baba. Temple Grandin, mai otizim kuma farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado, wadda tsarinta na hanyoyin kora shanu ya bazu a mahautan Amurka, sai da ta kai shekara 3 da rabi kafin ta yi magana. Bisa ƙa'idar kundin, ba ta cancanci sunan 'yan mowa ba.

Likitoci ma ba su daidaita a kai ba. Catherine Lord da abokan aikinta sun duba yara sama da 2,000 a cibiyoyin jami'a 12, suka wallafa sakamakon a 2012. Gwaje-gwajen iri ɗaya ne a ko'ina, yaran ma sun yi kama daga cibiya zuwa cibiya, amma sunan da ake rubutawa ya fi bin cibiyar da aka kai yaro fiye da halin yaron. Wata cibiyar tana raba sunan Asperger hannu sake, wata kuwa da ƙyar take furta shi. A watan Mayun 2013 bugu na biyar na DSM ya rushe ɗakunan ya yi wa kowa kuɗin goro da suna ɗaya, kuma kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, ya bi sahu.

A nan aka ga cewa sunan ya riga ya zama rawani. Cikin shekaru 19 ɗin nan mutane da yawa sun gina kansu a kan kalmar Aspie, yadda suke kiran junansu. Ta ba su bayanin rayuwar da suka yi suna zargin kansu, ta haɗa su da irinsu, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji ciwon a ƙwace masa wannan. Amma cikin masu ƙorafin akwai waɗanda ba su ɓoye dalilinsu ba: kada a haɗa mu da waɗancan masu zubar da miyau. Masu fafutuka a cikin gidan suna da sunan da suke kiran wannan ɗabi'a, wato fifikon Aspie, kuma har yanzu tana nan. Da attajirin nan mai kamfanin roka, Elon Musk, ya sanar a talabijin a 2021, Asperger ya ce yana da shi, shekara 8 bayan an cire sunan daga kundin ƙasar da yake zaune. Sunan yana kawo wa mai sauraro hoton haziƙin injiniya mai ɗan bauɗiya. Kalmar otizim kuwa wani hoton take kawowa.

A 2018 wani masanin tarihin likitanci a Biyana, Herwig Czech, ya fito da takardun da suka ƙara wa sunan nauyi. Asperger bai taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi ba, amma ya shiga ƙungiyoyin da ke jingine da ita, kuma a 1941 ya sa hannu aka kai wata yarinya da ba ta cika shekara 3 ba asibitin Am Spiegelgrund, inda ta mutu bayan 'yan watanni. Yara kusan 800 ne suka mutu a wannan wuri ƙarƙashin shirin Nazi na kashe naƙasassu. Har yau akwai masu kare shi da cewa bai san abin da ake yi a can ba. Ko ya sani ko bai sani ba, hujjar da ya kafa don yaransa haziƙai a rubuce take: za su yi wa al'umma amfani in aka tarbiyyantar da su. A zamanin da marar amfani ke iya rasa ransa, wannan hujja ta ceci wasu, ta kuma nuna inda za a ja layi. Mudun Kennedy na haraji jikan wancan mudun ne, ko da babu mai maganar kisa yau.

Kalmomin da aka fi ji a bakin mutane, wato wane mai iyawa ne sosai, wane kuma mai ƙarancin iyawa, ba su taɓa zama sunan lalura a kundin DSM ba. Masu bincike ne suka fara amfani da su a matsayin gajeren zance: wanda ya ci maki 70 ko sama a gwajin kaifin hankali yana sama, wanda ya gaza yana ƙasa. Gwajin kuwa bai tambayi ko mutum zai iya tsallaka titi, ko dafa abinci, ko tuna shan magani ba. Wasu masu bincike a birnin Perth na Ostireliya, ƙarƙashin Gail Alvares, sun gwada makin yara 2,225 da yadda suke tafiyar da harkokin yau da kullum, sakamakon ya fito a 2019. Yaran da ke da raunin hankali, iyawarsu ta yi kusa da makinsu. Waɗanda ake kira masu iyawa sosai kuwa, iyawarsu ta gaske ta yi ƙasa da makinsu nesa ba kusa ba. Masu binciken suka ba da shawarar a daina amfani da kalmar.

A ƙaddara wata ma'aikaciyar lissafi a wani ofis a Manchesta. Da safe kafin ta fita ta bita gaisuwar da za ta yi, ta shirya amsar da za ta bayar in an tambaye ta yadda hutu ya kasance. Tana kallon tsakanin girar mutum don ya zaci idonsa take kallo. Fitilar ofis tana wani zizar da ita kaɗai ke ji, ta daure. Ba ta taɓa kuskuren sisi a lissafi ba. Da yamma ta shigo gida ta kashe wuta ta zauna a ƙasa, takalmi a ƙafa, awa biyu ba ta iya buɗe baki ko da 'yar'uwarta ce ta kira. Wasiƙu sun taru wata uku ba ta buɗe ba, abinci ya lalace a firji, ta manta rabon da ta ci mai zafi. Ranar da ta roƙi a bar ta ta yi aiki daga gida kwana biyu a mako, sai shugabanta ya yi murmushi ya ce ai ke ba a ma ganin alamarsa a jikinki. Yabo yake nufi. Masu otizim suna kiran wannan ɓoyon sa takunkumi, kuma mata sun fi ƙwarewa a kansa, abin da ya sa da yawansu sai sun girma ake gano su. Sauƙin da ake cewa nata yana da shi, abokan aikinta ne suke morarsa.

Kuɗin wannan takunkumi ya fito a alƙaluman Suwidin. Tatja Hirvikoski da abokan aikinta sun bi bayanan masu otizim sama da 27,000, suka wallafa a 2016. Cikin waɗanda suka rasu a tsawon binciken, matsakaicin shekarun sauran jama'a 70 ne, na masu otizim 54, na masu otizim haɗe da raunin hankali kuwa bai kai 40 ba. A wannan rukuni na ƙarshe farfaɗiya ce ta fi yin ɓarna. A rukunin da ake cewa nasu mai sauƙi ne, haɗarin kashe kai ya ninka na sauran jama'a kusan sau 9. Kowane gefe da abin da ke cinsa, kuma tsani ba ya iya nuna wannan, domin shi abu ɗaya yake ƙirgawa: da yawa ko kaɗan.

A ƙasan tsanin kuwa abin da ake ƙwacewa murya ce. Wanda ba ya magana sai a ɗauka ba ya fahimta. A tattauna kashinsa da fitsarinsa a gabansa, a yi masa muryar jarirai yana da gemu, a shekara goma ana koya masa jera launuka ba wanda ya gwada ba shi allon haruffa ko na'urar magana. A 2007 bidiyon wani mutum mai otizim marar magana da baki, Mel Baggs, ya yaɗu a YouTube. Rabin farko mutum ne yana gunji, yana kaɗa hannu, yana shafa abubuwa, yana wasa da ruwan famfo, irin abin da mai kallo zai ce babu kowa a ciki. A rabi na biyu kwamfuta na karanta abin da Baggs ke bugawa: wannan da kuka gani shi ne harshena, kuma ba ku ɗauke ni mai tunani ba sai da na koyi naku. Nan da nan wasu suka ce wanda ya iya rubuta haka ai ba mai tsanani ba ne. Tarkon ke nan: in ka iya ƙorafi an fitar da kai daga cikin waɗanda ake magana a kansu, in ba ka iya ba wani ne zai yi magana da bakinka. Sai dai a yi hattara, ba kowane marar magana ne ke ɓoye da marubuci a ciki ba. Dabarar riƙe hannun yaro yana buga haruffa, wadda ta yi tashe a farkon shekarun 1990, ta faɗi gwaji sau da dama: an gano mai riƙon ne ke rubutun ba tare da ya sani ba.

Da a nan zancen ya tsaya da sai a ce a ƙona tsanin a huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai uban da ke shimfiɗa katifa a bakin ƙofa kowane dare don ɗansa mai shekara 17 yakan fice da tsakar dare ya nufi ruwa. Akwai uwar da ta san sautin kan ɗanta a jikin bango, ta saya masa hular kwano, hannuwanta duk tabon cizo, kuma ba ta iya sanin ko haƙori ne ke masa ciwo ko ciki. Wani bincike a Amurka a 2012 ya samu cewa kusan rabin yara masu otizim sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su. Irin waɗannan iyaye suna buɗe talabijin su ji ana cewa otizim baiwa ce, su ga kalmar da a da take nufin ɗansu yanzu tana nufin attajirin da ke harba roka. In sun ce ɗana yana da otizim, sai a tambaye su wace baiwa gare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a kyauta musu in aka ce kalmar tsanani ma kada su furta.

Ƙorafinsu yana da shaida. Ginny Russell da abokan aikinta sun duba binciken otizim 301 da aka wallafa a 2016, suka ga kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka yi binciken da su ba su da raunin hankali. Dalilin a fili yake: wanda zai cika takarda ya kwanta shiru a na'urar hoton kai ya fi sauƙin sha'ani. Wannan ya sa a Disambar 2021 kwamitin masana na mujallar Lancet, wanda ita Catherine Lord ɗin nan ta jagoranta tare da Tony Charman, ya kawo sabon suna, otizim mai zurfi, ga wanda ya kai shekara 8, yake buƙatar babba kusa da shi dare da rana, kuma makinsa a gwajin kaifin hankali bai kai 50 ba ko maganarsa ba ta taka kara ta karya ba. Da CDC ta auna da wannan ma'auni a 2023, ta samu kashi 26.7 cikin 100 na yara masu otizim da ta duba sun shiga. Wadda ta taimaka aka rushe ɗakuna a 2013 ita ce ta dawo tana neman a ja labule. Alison Singer ta gidauniyar kimiyyar otizim ta fito fili ta ce lokaci ya yi da za a sake raba bakan. Ƙungiyar ASAN, wadda masu otizim da kansu suka kafa a 2006, ta ƙi. Hujjarta ita ce sunan ya cakuɗa wanda ba ya magana amma hankalinsa garau da wanda ke magana amma hankalinsa ya yi rauni, mutane biyu da buƙatunsu ba ɗaya ba ne, kuma tarihi ya nuna inda ake kai wanda aka yi wa hatimin ba zai gyaru ba: gidajen killacewa.

A ganina iyayen sun yi gaskiya cewa 'ya'yansu sun ɓace a cikin taro, ASAN kuma ta yi gaskiya cewa sabon sunan tsohon tsani ne aka sake wa fenti. Abin da ke amfanar malami ko likita shi ne a ce: ba ya magana da baki amma yana nuna hoto, yana da farfaɗiya, yana ficewa da dare, ƙara tana tayar masa da hankali, yana iya ci da kansa. Wannan bayani ya fi kalma ɗaya tsawo, amma kowane yanki nasa yana faɗa maka abin da za ka tanada. ICD-11 ya ɗan karkata nan, domin yana sa likita ya rubuta dabam ko akwai raunin hankali, ya kuma rubuta dabam yawan maganar da mutum ke iya amfani da ita.

To me ya hana a bi wannan hanya? Kuɗi. DSM na 2013 ya kawo matakai uku: mai buƙatar taimako, mai buƙatar taimako mai yawa, mai buƙatar taimako mai yawan gaske. Kundin ya ce a auna mataki dabam a fannin hulɗa, dabam a fannin maimaici, ya ce matakin na iya sauyawa da wuri da lokaci, ya kuma gargaɗa kada a yi amfani da shi wajen yanke wa za a ba tallafi. Ostireliya ta yi abin da aka hana. A shirinta na inshorar naƙasassu, NDIS, an sa otizim mataki na 2 da na 3 a jerin lalurorin da ake karɓa kusan kai tsaye, mai mataki na 1 kuwa sai ya kawo ƙarin hujja. Sa kanka a kujerar likitan da uwa ke zaune gabansa, ya san lambar da zai rubuta ita ce mabuɗin rumbu. Yau masu otizim sun haura kashi ɗaya cikin uku na masu cin gajiyar shirin, kuma kwamitin da ya yi bitarsa a 2023 ya ba da shawarar a soke jerin a koma auna buƙatar kowane mutum. Hukuma tana son lamba ɗaya domin lamba ɗaya ce ke shiga akwatin fom. Muddin tuwon bai isa ba, 'yan ɗaki za su ci gaba da faɗa kan wa ya fi yunwa, mai otizim ya koyi wasa da takunkumi a wajen neman aiki, ya kuma koyi baje rauninsa a wajen neman tallafi.

Akwai ma ƙaramin tsani a gefe, tsakanin mai takardar likita da wanda ya gano kansa ta karatu. Masu takarda na zargin waɗancan da shiga rigar da ba tasu ba. Su kuma suna nuna layin jira, wanda a Ingila kaɗai ya haura mutum 200,000 a 2024.

Mu a nan matsalarmu ta juya. Can sunaye sun yi yawa ana faɗa a kansu, nan kalma ɗaya ce, galahanga, ake jibga wa mai otizim da mai lalurar Down da wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, kuma kalmar tana ɗauke da hoton wanda ba a sa ran komai daga gare shi. Bitar da Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Inugu ya yi tare da Kerim Munir a 2011 ta nuna yaran da ake gani a asibitocin Afirka galibi a makare ake kawo su, kuma da yawansu ba sa magana. Na saman tsanin ba ya zuwa asibiti. Shi ne miskilin gidan, bahagon da ba ya gaisuwa, matar da dangin miji ke cewa ba ta son mutane. Na ƙasa kuma a ce shafar aljanu ce, a rufe shi a ɗaki in baƙi sun zo. Tsanin yana nan, takarda ce kawai babu.

Yaro na farko a jerin Kanner shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi, an haife shi a 1933. Yana ƙarami ba ya kula uwarsa in ta shigo, aikinsa juya murafen tukwane a ƙasa da maimaita kalmomin da ba su da alaƙa da komai. A 1937 aka kai shi gidan killace yara, bayan kamar shekara ɗaya iyayensa suka je suka ɗauko shi. Daga baya ya zauna shekara 4 wajen wani manomi da matarsa. Da suka ga yana son awo sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta, da suka ga yana ƙirga layukan masara sai suka ba shi garma ya ƙirga yana huɗa. Ya gama kwaleji a 1958, ya yi aiki shekaru da dama a bankin da danginsa ke da hannun jari, ya koyi tuƙi, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, mutanen garin suna kallonsa a matsayin nasu. Ya rasu a Yunin 2023 yana da shekara 89.

A 1971 Kanner ya koma ya bibiyi yaransa 11. Waɗanda aka kai asibitocin gwamnati, in ji shi, tamkar ɗaurin rai da rai aka yi musu: sun dushe, ɗan abin da suka iya ma ya zube. A 1943 ba wanda zai iya duban jerin ya nuna wanne ne zai zauna bayan kanta a banki. Mahaifin Donald lauya ne, mahaifiyarsa 'yar masu banki ce.